Wasiƙa daga Plymouth a kan wani ɗan kifin duwatsu

Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ɗokin labari ne ya sa na rubuto maka tun kafin amsarka ta iso, domin a makon nan Allah ya nufa na ga kifin nan da na daɗe ina nema, wato bilenin Montagu, ɗaya daga cikin ƙananan kifayen duwatsun teku da ake kira bileni, kuma na tabbatar da shi ne.

A gaɓar Wembury na same shi, kusa da nan Plymouth a kudu maso yammacin Ingila, inda teku kan janye sau biyu a rana ya bar ƙananan kududdufai a tsakanin duwatsu. Tsawonsa bai kai na ɗan yatsa ba, yana kwance a bakin wani rami ya dogara da fikafikan ƙirjinsa, kansa a ɗage yana kallona. Na san abin da za ka ce, kai da a wurinka kifin da bai cika tukunya ba bai cancanci suna ba, amma ka yi haƙuri ka ji yadda ake gane shi.

Abu na farko shi ne a raba shi da dangin wasu kifaye da ake kira gobi, waɗanda suke zaune a kududdufai ɗaya da shi kuma sukan rikita mai kallo. Gobi yana da ɓawo a jiki, fiffiken bayansa kashi biyu ne, na cikinsa kuma sun haɗe yana mannewa da su a dutse. Shi kuwa bileni fiffiken bayansa ɗaya ne dogo, daga bayan kai har kusa da wutsiya, kuma fatarsa sumul take da yauƙi irin ta tarwaɗa.

Daga nan sai a duba kai, domin a nan duk shari'ar take. Bilenin da ya fi yawa a gaɓar nan, mai suna shani, kansa fayau yake, babu komai a saman idanunsa. Wani bilenin kuma mai suna tomfot yana da tsiro biyu masu rassa, ɗaya a saman kowane ido, ya fi su girma har yakan kai santimita 30, kuma ya fi son ruwa mai ɗan zurfi. Nawa kuwa, da na durƙusa na ƙura masa ido, sai na ga wata 'yar tsoka guda ɗaya mai geza tana tsaye a tsakanin idanunsa, da wasu 'yan siraran tsiro a jere a bayanta, ga kuma ɗige-ɗige masu shuɗi-shuɗi a jikinsa. Wannan shi ne bilenin Montagu, wanda masana ke kira Coryphoblennius galerita, kuma da ƙyar yake wuce santimita 8. An sa masa sunan George Montagu, masanin halittu da ya zauna a nan Devon, yankin da Plymouth yake, ya rasu a 1815.

Ina ganin kuskure ne mutum ya dogara da launi kaɗai, domin kifayen nan sukan sauya launi gwargwadon dutsen da suke kai, ga shi kuma namijin shani yakan yi baƙi ƙirin, leɓɓansa su yi fari, a lokacin da yake gadin ƙwai. Tsokar kai ita ma takan kwanta idan kifin ya fita daga ruwa, saboda haka a cikin ruwa ya kamata a dube shi, ba a tafin hannu ba.

Zan koma idan teku ya sake janyewa sosai a tsakiyar wata, in yi ƙoƙarin ɗauko maka hoton kan nasa daga gaba. Ka nuna wa ɗalibanka, ka kuma gaishe mini da mutanen majalisarmu baki ɗaya.

Naka har kullum,
Amininka