Wasan bingo da Ranar Matattu ta Meziko a ajin 'ya'yanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in tofa albarkacin bakina kan wata magana da kan ta da ƙura tsakanin iyaye 'yan uwanmu mazauna Amurka duk ƙarshen watan Oktoba. Ni a Houston nake zaune, cikin jihar Texas, inda mutanen da asalinsu Meziko ne suke da yawa ƙwarai, kuma 'ya'yanmu da nasu benci ɗaya suke zama. Da Nuwamba ta ƙarato, malamai, musamman masu koyar da Sifaniyanci, sukan raba wa yara takardar wasan bingo (wasan da ake kiran suna, mai wasa ya yi alama a takardarsa har ya cika layi) cike da hotuna: ƙoƙon kai, kyandir, fure, burodi, kabari. Da ita ake koya musu Día de Muertos, wato Ranar Matattu. Iyaye na gani sai hankali ya tashi. Wani ya ce caca ce, wani ya ce Halloween ce, wato bikin shigar dodanni da tsoratarwa da ake yi a Amurka, aka sauya wa riga.

Ba Halloween ba ce. Ranakun 1 da 2 ga Nuwamba ake yin ta, ta farko don yaran da suka rasu, ta biyu don manya. Ranakun daga kalandar cocin Katolika suka fito, amma sun cakuɗe da al'adun 'yan asalin ƙasar tun daga zamanin da Sifaniyawa suka ci daular Aztek a 1521. A 2008 hukumar UNESCO ta saka bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. Babu tsoratarwa a cikinsa. Mutanen sun yi imani cewa mamatansu kan kawo musu ziyara sau ɗaya a shekara, don haka sukan share kaburbura, su shirya teburi a gida da ake kira ofrenda, su ɗora hoton mamacin da abincin da yake so lokacin yana raye. A tsibirin Janitzio da ke tafkin Pátzcuaro, cikin jihar Michoacán, iyalai kwana suke yi a maƙabarta da kyandirori.

Shi kansa wasan ba baƙo ba ne a wurinsu. Suna da nasu da ake kira lotería, mai kati 54, kowanne da hotonsa: zakara, rana, wata, kunama, har da mutuwa da ƙoƙon kai. Kowane ɗan wasa yana riƙe da allo mai hotuna 16, huɗu a tsaye huɗu a kwance, yana ɗora ƙwayar wake kan hoton da aka kira. Zubin da ya fi shahara wani Bafaranshe ne, Clemente Jacques, ya fara buga shi a Meziko a 1887. Daɗin wasan yana bakin mai kira. Gwani ba ya faɗin sunan kati kai tsaye, sai ya jefa zance a dunƙule kamar kacici-kacicin da kakanninmu ke yi mana da dare. In ya ce "bargon talaka", mai kaifin kai ya san rana ake nufi.

To a nan damuwata take, kuma ba irin ta sauran iyayen ba ce. Takardun da malamai ke saukowa da su daga intanet sun jefar da wannan hikima. Malama ta ɗaga kati ta faɗi suna, yaro ya ɗora wake, wanda ya cika layi ya yi ihu, a ba shi alewa, a tashi. 'Yata ta dawo gida tana jero mini sunayen kayan nan da Sifaniyanci ba gargada. Na ce mata, to me ya sa ake ajiye kofin ruwa a teburin? Sai ta yi zuru. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Michoacán, ita ta warware mana a bakin ƙofa: baƙon ya yi doguwar tafiya, ƙishirwa yake ji. Furen nan mai ruwan ɗorawa, cempasúchil, ana barbaza shi ne daga ƙofa zuwa teburi don launinsa da ƙamshinsa su nuna hanya. Turaren copal ƙaron itace ne da ake ƙonawa tun kafin zuwan Turawa. Ƙoƙon kan sukari kuwa, a goshinsa ake rubuta suna. Tana bayani idonta ya ciko, domin hoton mijinta ne a nata teburin. Wannan ba ya cikin takardar bingo.

Haka matar nan mai ƙashi zalla da ƙatuwar malafa, La Catrina, da yara suka ɗauka fatalwa ce. Mai zane José Guadalupe Posada ya ƙirƙire ta a farkon ƙarni na 20 don yi wa masu ƙyamar asalinsu suna kwaikwayon adon Turai shaguɓe, daga baya wani mai zanen, Diego Rivera, ya saka ta cikin wani babban zanen bango a birnin Meziko a 1947. Habaici ce, ba dodo ba. Yaro ɗan shekara goma zai fahimci wannan sarai in an gaya masa.

Shawarata ga malamai ita ce su mayar wa wasan da bakinsa. Maimakon a ce "fure", a ce "wanda ke nuna wa matafiyi hanyar gida", yara su yi tunani su gano. Kuma a aji irin na Houston, da wuya a rasa yaron da kakarsa za ta iya zuwa ta yi bayani na minti goma.

Ga 'yan uwana iyaye kuma, maganar caca ba ta taso ba muddin babu kuɗi a ciki. Gaskiya ne a wuraren bukukuwa a Meziko akan zuba 'yan sulalla, amma a aji wake ne da alewa. Batun aƙida shi ne mai nauyi, kuma ban raina shi ba. Mu ba mu yarda mamaci na dawowa cin abinci ba. Namu ziyarar kabari ce da addu'a da sadaka, kuma na gaya wa 'yata haka ƙarara. Amma sanin abin da maƙwabci ke yi daban, aikata shi daban. Iyakata a fili take: ta yi wasan, ta koyi sunaye da dalilansu. Da aka ce kowane yaro ya kawo hoton mamacinsu a ɗora kan teburin aji, na rubuta wa malamar 'yar takarda cikin ladabi cewa mu ba za mu kawo ba, ta kuwa karɓa ba tare da wata jayayya ba. Wannan ya fi sauƙi a kan hana yaro zuwa makaranta ranar, kamar yadda na ji wasu na yi.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Houston, Amurka