Mutumina, motar nan ta tashi

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya madam da yara, ya jikin Baba? Na san ka cika ka batse, wata huɗu ba ka ji ni ba, saƙonka kuwa na gani tun ranar da ka turo, amma bari in fara sauke abin da ke raina tukuna: motar ta tashi! Jiya da daddare wajen ƙarfe goma, ni kaɗai a gareji, na murɗa makulli ta yi tari sau biyu sai ta kama, wallahi sai da na zauna a ƙasa ina jin ƙarar salansa har cikin ƙirjina, sati bakwai ke nan ina fama.

Ka tuna da na turo maka hotonta ka ce kwale-kwale ne aka sa wa taya? To kwale-kwalen naka ya yi magana. Kai da ko faci ba ka taɓa tsayawa ka ga yadda ake yi ba, kullum sai dai ka miƙa wa Auta makulli, ba za ka gane daɗin abin ba, amma saurara. Irin wannan motar a nan Ingila kit ka suke ce mata, wato a wargaje ake sayar da ita, kamfani ya ba ka ƙarfen shasi da bodin faiba, kai ka nemo tsohuwar mota ka farke ta ka ɗebi inji da giyabos da birki ka haɗa a gida. Asalin siffar tawa Lotus Seven ce, wadda Colin Chapman ya fito da ita a 1957, daga baya a 1973 Caterham suka sayi haƙƙin ƙera ta, sannan ƙananan kamfanoni da yawa suka yi ta kwaikwayo. Tawa cikin kwaikwayon take, kujera biyu, ba ƙofa, ba rufi, in ka zauna sai ka miƙa hannu ka taɓa kwalta. Kayan cikinta na Ford Sierra ne, motar da aka daina yi tun 1993, injin Pinto mai lita 2 da giya biyar.

Abin da ban gane ba sai da na kawo ta gida shi ne, ba kamfani ne ya ƙera motar nan ba, wani bawan Allah ne da ban taɓa gani ba ya haɗa ta a garejinsa shekara talatin da suka wuce, kuma duk abin da ya ga dama shi ya yi. Littafin Sierra yana yi min amfani a inji da giya, ban da nan sai dai in bi sawun mutumin nan ina karanta hannunsa. Wani wurin in ga aikinsa in ce kai Allah ya saka masa, waldarsa a gaban shasi tsaf kamar ɗinkin hula, wani wurin kuma in rasa me ya hau kansa, wayarin ɗin bayan dashbod duk da jar waya ya yi shi, kala ɗaya tal, fitila ja, hon ja, sigina ja, sai da na yi kwana huɗu da mita ina bi ɗaya bayan ɗaya ina liƙa takarda ina rubuta suna. Kuma lokacin da ya haɗa ta babu gwajin da hukuma ke yi wa irin wannan motar kafin rajista, wato SVA da suka shigo da shi a 1998, wanda wani gwajin mai suna IVA ya maye gurbinsa a 2009, ka ga ba wani jami'i da ya bi aikin nasa noti bayan noti kafin a ba ta lamba. Abu ɗaya da na yi daidai wajen saye shi ne takarda, na tsaya sai da na ga V5C ɗin, wato takardar rajistar mota, ta rubuta motar da ke gabana, don akwai masu yawo da takardar da har yanzu Sierra ta ce, irin wannan ko kyauta ce kar ka karɓa. Lambarta da Q ta fara, irin wadda suke ba motar da ba a tabbatar da shekarunta ba.

Af, na ji labarin ɗaurin auren ƙaninka, shi ne ko gayyata babu ko? Hajiya ce ta faɗa min a waya, ta ce wai kai ne ka fi angon rawar kai. Allah ya sanya alheri, ka gaishe shi, ka ce masa alkawarin nan yana nan ban manta ba.

To ka san me ya hana ta tashi duk tsawon lokacin nan? Abu biyu. Na farko bodin faiba ba ya ɗaukar wuta, ba kamar motar ƙarfe ba da ko'ina ka ɗaura negatif ya zauna, a nan kowace fitila sai an ja mata wayarta zuwa shasi, ita kuma babbar wayar da ta haɗa inji da shasi ta ci tsatsa a ƙarƙashin noti, daga waje lafiya lau, shi ya sa kik ke juyawa a gajiye ina ta zargin batir. Na biyu kuma aikina ne, da na canja wayoyin filogi na jera su 1-2-3-4, alhali injin 1-3-4-2 yake ba da wuta, sai ta riƙa harbi ta kafireta har da harshen wuta, ranar na tsorata ƙwarai, washegari na sayo abin kashe gobara na rataye a bango kuma ban ƙara taɓa makulli ba sai yana kusa. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon bakanike ne da ya yi ritaya, shi ya leƙo ya kalla bai fi minti ɗaya ba ya nuna min da yatsa. Yanzu kafin in kwance komai sai na ɗauki hoto. Shi ne kuma ya koya min in daina sa sifana 13 a notin rabin inci, rabin inci milimita 12.7 ne, za ka ji kamar ta zauna sai ka matsa ta cinye kan notin, motar kuwa gauraye take, wani wurin milimita wani wurin inci.

Taimin bel na canja, baƙin mai da filta ma haka, tiyon fetur duk na zubar da tsofaffin don tun 2021 fetur ɗin E10, mai gaurayen sinadarin ethanol, ya zama gama-gari a nan kuma yana cin tsohuwar roba. Tayoyi kuwa zanensu kamar sababbi, sai na duba lambar gefe mai nuna lokacin da aka yi su na ga alƙaluma uku ne ba huɗu ba, wato kafin shekarar 2000 aka yi su, sun bushe kamar ƙaho, su ma sun tafi.

Amma mutumina ga abin da ya hana ni barci duk da murnar. Da na ɗaga ta a jak na shiga ƙasa da tocila, can baya inda hannun tayar hagu ya kama shasi, na ƙwanƙwasa bututun da guduma sai na ji sautin ya mutu, na danna sukundireba ta shige. Bututun nan fanko ne, ruwa ya kwanta a ciki yana ci daga ciki, fenti na waje kuwa sumul. Ban iya walda ba, kuma ko na sayi injin walda na koya ba a wurin da ke riƙe taya zan fara gwaji ba, babban yarona kullum tambaya yake yaushe zan ɗauke shi, in na tuna wurin nan sai gabana ya faɗi. Na yi magana da mai walda zai zo Asabar ya duba, ya ce sai an cire tankin mai da faifan alminiyon na gefe kafin ya san iyakar ɓarnar, in guri ɗaya ne aikin yini ne, in ta zagaye to sai an tuɓe motar gaba ɗaya. Birki ma ban taɓa ba tukuna, man ya yi baƙi kamar shayi, dattijon ya ce zai tsaya a kaina mu yi tare, ni ina taka feda shi yana buɗe ɗan notin fitar da man birki. Sai duk wannan ya kammala zan kai ta MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Maman yara ta ce in sayar in huta, na ce ta ba ni zuwa ƙarshen bazara, kai me ka gani? Kar ka ce min kwale-kwale, da gaske nake tambaya.

Wai da gaske mutumin naka ya bar aikin nan ya koma karatu? Na ga hoto ban gane ba, ka ba ni labari dalla-dalla. Ka taya ni addu'a kan Asabar ɗin, duk yadda ta kaya zan turo maka bidiyo ka ji kukanta da kunnenka. Gaida Baba da kyau, gaida madam.

Naka har kullum,
abokinka