Baba, Ni Ma Ƙarfe Nake Aiki

Tokiyo, Japan

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da duk mutan gida. Yaya ya ce kullum kana tambaya, wai wane irin karatu ne ɗan maƙeri yake yi da ƙarfe ba wuta ba zuga. To Baba, kai gasa shi kake yi, mu kuma sanyaya shi muke yi.

Akwai kayan da in sanyi ya kai musu maƙura, lantarki yake ratsa su ba turjiya, waya ba ta ɗumi, ba a asarar komai. Tun 1911 aka gano haka a Holan, shi ne ma sirrin na'urar MRI ta asibiti. Amma an daɗe ana cewa kada a sa rai da baƙin ƙarfe, don maganaɗisunsa yana ɓata wannan hali. Sai a 2008 Farfesa Hideo Hosono da mutanensa, a nan Japan, suka nuna wani haɗi mai ƙarfe da wani sinadari da ake kira asenik ya yi hakan a digiri 247 ƙasa da sifili, sifilin nan kuwa shi ne sanyin da ruwa yake zama ƙanƙara.

Nawa haɗin sinadarin bariyom ne da ƙarfe da asenik. Ɗan ƙyalle ne baƙi mai sheƙi, bai fi ƙwayar gero ba, sai da hantsaki nake ɗaukarsa, ina riƙe numfashi. In ya kai wajen digiri 133 ƙasa da sifili, ƙananan maganaɗisun cikinsa sai su yi sahu, wannan layi gabas, na kusa da shi yamma. Muddin sahun nan ya yi ƙarfi, turjiya ba ta tafiya. Sai mu sa fotashiyom, sinadarin nan da ke cikin toka, sahun ya yi rauni. A digiri 235 ƙasa da sifili turjiyar sai ta ɓace.

Abin da ya kama zuciyata shi ne maganaɗisun bai mutu ba, yana nan yana rawa a ciki, kuma masana da yawa suna ganin rawar nan ce take haɗa ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da suke ɗauke da lantarki, biyu-biyu su wuce salin-alin. Ni ma can na karkata. Daren da na fara ganin layin da ke nuna turjiya ya faɗo sifili a kwamfuta, maƙerarka ta Ƙofar Sauri na tuna, sa'ad da kake tsoma lauje a ruwa kana sauraren ƙararsa.

A gaida Inna, a ce mata yajin da ta ɗauro mini ya kusa ƙarewa. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanka.