Zoben da na gani a wuyan yaro a Zina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya sanyi? Mu nan Kusiri hunturun bana ya kankama sosai. Da asuba in ka tsaya a bakin kogi ba ka hango Njamena, ga ta kuwa tsallaken ruwa, sai dai ka jiyo ladanansu.

Na karanta abin da kuka rubuta a kan hunturu: tari, mura, faso, da gobarar da ake yi garin jin ɗumi a ɗaki. Duk gaskiya ne, ni kaina da man kaɗanya nake kwana a diddige. Amma kun manta da baƙinmu na wannan lokaci, wato tsuntsaye masu zuwa ta sama, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Sana'ata banda. Shekara talatin da 'yan kai ina bin sansanonin masunta daga Logone-Birni zuwa Zina har Maga, ina sayen kifi ina kawowa kasuwa. Wanda ya san wannan fadama, wadda Fulani ke kira yaayre, ya san yadda take: Logone ya cika ya malala a kanta a ƙarshen damina, sannan ruwan ya dinga janyewa a hankali har watan Fabrairu, yana barin tafkuna cike da kifi da kwaɗi. A nan tsuntsaye ke taruwa har ka rasa inda za ka ajiye ido. Wasu 'yan gida ne, kamar gauraka da dinya da balbela da zalɓe da kwasakwasa. Wasu kuwa ba ka ganinsu sai an fara sanyi, kuma kafin zafin Afrilu ya sauka sun ɓace.

Bara war haka, a wani sansani kusa da Zina, na ga yaro ɗan shekara biyar da wani zoben ƙarfe a wuya, an zura shi a zare tare da layunsa. Na jawo shi na duba, sai na ga lambobi da rubutun boko. Na tambayi ubansa, wanda muka daɗe muna ciniki. Ya ce, "Alhaji, a ƙafar wata farar tsuntsuwa na cire shi. Mun ce tsuntsun da ke yawo da zobe ba a banza yake ba, shi ne na rataya wa yaron." Ban tambaye shi yadda tsuntsuwar ta zo hannunsa ba, shi ma bai faɗa ba. Na ba shi jaka ɗaya, ya kwance mini.

Ina da ɗan ƙanena da ke karatu a Strasbourg ta Faransa, kan iyakar Jamus. Duk sanyi muna tsokanar juna a waya. In aika masa hoton rana ta zama kamar faifai cikin hazo, ya aiko mini da titinsu ƙanƙara ta rufe. In ce masa jiya ma'auni ya sauka wajen 14 har na kasa alwala da ruwan randa, ya yi ta dariya ya ce su 14 ai bazara ce. Shi na ɗauka wa hoton zoben. Ya karanta kalmar da ke jiki, Hiddensee, ya ce sunan wani tsibiri ne a arewacin Jamus, kuma da shi ake kiran cibiyar da ke sa wa tsuntsayen gabashin ƙasar zobe. Ya shigar da lambar a shafin EURING, ƙungiyar da ta haɗa irin waɗannan cibiyoyi na Turai tun 1963. Bayan 'yan makonni amsa ta zo: farar shamuwa ce, an sa mata zoben tana 'yar tsako a sheƙa a kan rufin wani gida. Daga can zuwa Zina, ko a miƙe ka auna, ya haura kilomita 4,000.

Ita kuwa ba a miƙe take zuwa ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. Shamuwa ba ta son kaɗa fiffike. Tana jira rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta taso, sai ta hau kanta tana kewayawa kamar yadda shirwa ke yi, in ta yi sama sosai ta saki jiki ta zame zuwa gaba. A kan teku babu irin wannan iska, don haka ba ta yarda ta ratsa Bahar Rum ta tsakiya. Na yammacin Turai sukan bi ta Sifen su tsallaka a mashigin Jibraltar, inda ruwan bai wuce faɗin kilomita 14 ba, su gangaro wajen Mali da Senegal. Na gabas, waɗanda su ne mafi yawan namu, sai sun zaga ta Santambul, su bi gaɓar Sham, su shiga Masar su bi kogin Nilu, sannan wasu su karkato yamma zuwa Sudan da Chadi. Kusan hanyar alhazan ƙasa ce irin ta kakanninmu, sai dai su daga wancan gefen suke tasowa. Kuma ba sanyin kansa suke gudu ba, yunwa ce. Idan ƙasa ta daskare kwaɗi su shige, fara ta mutu, to mai dogon baki me zai ci? Ɗan nawa ma ya ce yanzu wasu sun daina wahalar tsallakowa, suna tsayawa a bololin Sifen suna cin abin da aka zubar.

Kada mai karatu ya haɗa ta da shamuwarmu ta gida, baƙa mai farin ciki, wadda ke sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, manomi na ganinta ya fara gyaran gona. Waccan da damina take zuwa, ruwa na ɗaukewa ta nufi kudancin Afirka. Kamar sun yi alkawari ne, ɗaya na fita ɗaya na shigowa.

Turawan ma da can ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba, har akwai masu cewa ƙananan cikin laka suke kwanciya sai sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da guntun mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi duk wannan tafiya ta koma gida. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Sa zobe kuma wani malamin makaranta ne a Denmark, Mortensen, ya fara shi a 1899. Ka ga ashe wani maharbin ƙasashenmu ne ya fara aika musu da labari, bai ma sani ba.

To ga dalilin wasiƙata. Zobe ba ya amfani sai wani ya gan shi ya faɗa. Da, masu yawon buɗe ido na zuwa gandun dajin Waza da madubin hangen nesa a wuya, amma tun da aka sace wasu Faransawa a yankin a 2013 suka ɗauke ƙafa. Su wa suka rage a bakin ruwa? Masunta, makiyaya, masu gadin masakwa (dawar rani), da irinmu 'yan kasuwa. Idanunmu ne kawai a wurin. Ina roƙon duk wanda ya tsinci tsuntsu da zobe, na ƙarfe ko na baƙar roba, ya rubuta lambar da kalmar da ke jiki, da ranar da sunan garin da ya fi kusa, ko ya ɗauki hoto ya ba wani ɗan boko ya aika. Ba a biyan ko dala, ba a kuma tambayar wa ya kashe. A nan Kamaru ma akwai makarantar koyon kula da namun daji a Garwa tun 1970, malamanta sun san wannan aiki.

Wasu tsuntsayen kuma 'yar na'ura ake goya musu a baya, da ɗan tsinke a tsaye. A wannan zamani na rashin tsaro kowa ya ga haka gabansa zai faɗi, ban ga laifinsa ba. A Masar a 2013 har ofishin 'yan sanda aka kai wata shamuwa bisa zargin leƙen asiri. Alhali na'urar inda tsuntsun ya bi kawai take faɗa. A 2018 kuma wani a Sudan ya tsinci ta wata ƙungiyar Poland, ya zare layin wayar da ke ciki ya sa a tasa, ya sha hira ta sa'o'i kusan 20, aka kai wa masu tsuntsu takardar biyan kuɗi. Wannan kam na san halin mutanenmu, kada a yi.

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa ko wane tsuntsu. Jan baki in ya sauka a gonar masakwa ba ya barin ko tsaba, kuma soyayyensa da yaji ni ma ina saye a tasha. Amma farar shamuwa ba ta taɓa hatsin kowa, fara da ɓera take ci, aikin manomi take yi masa kyauta. Naman ma ba wani abin kirki ba ne, in ji waɗanda suka ci. Abin da ya fi harbi yi wa tsuntsayen illa shi ne rashin ruwa. Tsofaffin Zina suna ba da labarin yadda fadama ta bushe bayan an gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, ga fari ya biyo baya, kifi ya ragu, ciyawa ta canza, tsuntsaye suka yi ƙaura. Da aka buɗe wata hanyar ruwa a 1994 ambaliya ta koma wani sashe, kifi ya dawo, su ma suka dawo. Ni mai banda na ga wannan a aljihuna kafin in gan shi a sama.

Makon jiya na koma sansanin da takardar da aka aiko, ɗan nawa ya fassara mini ita, har da taswira da jan layi daga Jamus zuwa Logone. Uban yaron ya daɗe yana kallo, ya bi layin da yatsa, sannan ya ce, "Yanzu Alhaji, duk wannan tafiyar, ba su aiko da ko goro ba?" Na ce babu. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce in dawo masa da zobensa in karɓi jakata, tunda an gama karanta shi. Na ce sai zuwa na gaba, don yana jikin makullin shagona.

Wassalam.

Mai karatunku, wani ɗan kasuwar banda,
Kusiri, Jihar Arewa Mai Nisa, Kamaru