Wasiƙa zuwa Argungu kan takardar harajin da ba ta iso ba

Houston, Amurka
8 ga Maris

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali da Inna da sauran mutanen gida, kuma ina fata shinkafar rani tana yin kyau a fadama. Na zauna na rubuto maka a tsanake ne domin maganar da muka fara ta waya ranar Juma'a ba ta ƙare ba, kuma na ji a muryarka cewa ba ka gamsu da dalilin jinkirin kuɗin taki da man injin ban ruwa da na yi maka alkawari ba.

Ka ce mini tunda kamfanin da na yi wa aiki bara bai aiko da takardarsa ta haraji ba, laifinsa ne, in shigar da wadda ke hannuna kawai in rabu da sauran. Da haka dokar take da na huta, Yaya, amma a nan nauyin bayyana abin da mutum ya samu a shekara yana wuyan wanda kuɗin suka shiga aljihunsa, ko an ba shi takarda ko ba a ba shi ba. Kamar zakkar shinkafarka ce: idan mai awo bai zo masussuka ba, hakan bai sauke maka komai ba, kai za ka nemi tiya ka auna ka fitar.

Ga yadda abin yake. Duk wanda ya ɗauki ma'aikaci a ƙasar nan wajibi ne ya ba shi wata takarda mai suna W-2 zuwa ranar 31 ga Janairu, wadda ke nuna jimillar albashinsa na shekarar da ta gabata da harajin da aka riƙa cirewa kafin a biya shi. Da ita ake cike takardar haraji ta shekara a miƙa wa hukumar haraji ta ƙasa mai suna IRS zuwa ranar 15 ga Afrilu, kuma idan abin da aka cire ya fi abin da ake bin mutum, sai a mayar masa da rarar. Wannan rara ce na ƙwallafa rai a kanta lokacin da na yi maka alkawari. Bara na yi aiki wuri biyu. Inda nake tuƙi yanzu sun ba ni tasu tun tsakiyar Janairu, amma siton da na yi wata takwas ina loda kaya a cikinsa ya rufe. Na je da ƙafata na tarar da kwaɗo a ƙofa da tarin wasiƙu da ruwa ya jiƙa a dokin ƙofar, lambar wayarsu kuma ba ta shiga.

Na jira har ƙarshen Fabrairu kamar yadda hukumar ta tsara, sannan na kira su na ba su sunan kamfanin da adireshinsa da lokacin da na fara aiki da lokacin da na daina. Su ne za su rubuta wa kamfanin, ni kuma aka nuna mini wata takarda mai lamba 4852 wadda ake cikewa a madadin wadda ta ɓace. A cikinta mutum zai rubuta albashinsa da harajin da aka cire masa iya saninsa, ya faɗi yadda ya samo lissafin, ya kuma bayyana ƙoƙarin da ya yi na neman ta asalin.

Abin da ya cece ni shi ne halin nan na Baba, Allah ya ji ƙansa, na adana kowace 'yar takarda, wanda muke yi masa dariya idan ya buɗe adakarsa yana fito da rasiɗin haraji na shekaru aru-aru. Duk takardun albashin da aka ba ni a siton suna cikin wani kwalin takalmi a ƙarƙashin gadona, kuma ta ƙarshe, ta watan Agusta, tana ɗauke da jimillar komai tun daga Janairu. Daga ita na kwafi lissafin a daren jiya, na maimaita shi sau uku, domin mutum yana sa hannu ne bisa rantsuwa cewa abin da ya rubuta gaskiya ne. Idan ta asalin ta ɓullo daga baya da wani lissafi dabam, sai in gyara da takarda mai lamba 1040-X.

Wani abokin aikina ya ba ni shawara in yi shiru har sai takardar ta zo, amma na ƙi. Wanda ake binsa haraji kuma bai shigar da takarda a kan lokaci ba, ana ɗora masa tarar kashi 5 cikin 100 na bashin a kowane wata har ta kai kashi 25. Ana iya neman ƙarin lokaci zuwa 15 ga Oktoba, sai dai wannan na shigar da takarda ne kawai, biyan kuɗi yana nan a Afrilu. Ban da haka, kamfanoni suna aika wa gwamnati kwafin irin wannan takarda, saboda haka mai yiwuwa abin da kake cewa in bari yana rubuce a wurinsu tuni.

Babban dalilina kuwa shi ne batun ɗauko iyalina. Takardar ɗaukar nauyi da zan cike domin ta taho tana buƙatar shaidar harajina na shekarar da ta gabata, kuma da ita za a duba ko samuna ya isa in riƙe mu biyu. Idan na cire albashin wata takwas daga lissafi, na rage kaina a idon masu dubawa, sannan na sa hannu a kan ƙarya a takardar da za ta bi ni har ranar da zan nemi zama ɗan ƙasa.

A makon nan zan shigar da takardun in Allah ya yarda, amma rarar za ta iya daɗewa fiye da mako uku da aka saba, domin sai sun tantance lissafina. Saboda kada shinkafar ta jira ni, zan turo maka rabin kuɗin daga albashin ƙarshen watan nan, ka fara sayen taki da su, man injin kuma ka karɓa bashi a wurin Kawu da sunana. Ka yi wa Inna bayani a hankali, kada ta ɗauka wata shari'a ce ta same ni da hukuma. A gaishe da kowa da kowa.

Wassalam,
Ƙaninka