Kafin a Yi Zancen Gasar Duniya, a Fara Zuba Siminti a Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin wasanni na jihar Damagaram, da magabatan birnin Zinder, a kan wani wasa da matasanmu suka fara gani a wayoyinsu suna mamaki, wato wasan zamiya da tsalle a kan keken guragu, wanda duniya ta sani da sunan WCMX. Ana yin sa ne a fili na musamman da aka shafe da siminti, mai gangare da kwaruruka da ƙarafan da ake gogawa a kansu, irin filin da masu katako mai taya da masu ƙananan kekuna na BMX suke wasa a ciki.

Wasan ba tsoho ba ne. Wanda ya fito da shi, Aaron Fotheringham, ɗan birnin Las Vegas ne a Amurka, an haife shi a 1991 da lalurar ƙashin baya, kuma yana ɗan shekara 8 ya fara bin yayansa zuwa filin wasa yana gangarawa da kekensa. A 2006, yana da shekara 14, ya zama mutum na farko da ya yi alkafura ta baya a kan keken guragu, a 2010 kuma ya yi biyu a tsalle ɗaya. Wanda ya kalli bikin buɗe gasar nakasassu ta duniya, wato Paralimfik, a birnin Rio a 2016, shi ne ya gani ya sulalo daga dogon gangare a filin Marakana. Mata ma ba a bar su a baya ba, domin Katherine Beattie ta Amurka ta yi alkafurar, sannan Lily Rice ta yankin Wales a Birtaniya ta yi tata a 2017 tana ’yar shekara 13, ta kuma ci kofin duniya na mata a birnin Kolon na Jamus a 2019.

A wajen gasar, ana ba kowane ɗan wasa ɗan taƙaitaccen lokaci ya zagaya filin, alƙalai kuma suna ba da maki gwargwadon wahalar abin da ya gwada, da tsaftar saukarsa, da yadda ya yi amfani da sassan filin. Ba a tambayar ƙasar da ta fi kuɗi, amma a zahiri ƙasashen da suke da fili da keke su ne suke zuwa, shi ya sa sunayen da ake ji na Amurka ne da Turai da Brazil.

Abin da ya sa na ga ya dace mu yi magana yanzu shi ne, har yau wasan bai shiga jerin wasannin Paralimfik ba, alhali wasan katako mai taya da na BMX na salo sun shiga Olimfik tun gasar Tokyo da aka yi a 2021. Ƙa’idar kwamitin Paralimfik na duniya ita ce, ba a karɓar wasan ɗaiɗaiku sai ana yin sa a kai a kai a ƙasashe 32 aƙalla, a yankuna uku na duniya. Ma’ana, masu wannan wasa suna bukatar Afirka kamar yadda muke bukatarsu, kuma ƙasar da ta shiga tun ana ɗora harsashi ta fi samun kunnen da zai saurare ta a kan wadda ta zo bayan an gama rabon kujeru.

To amma ina jin tsoron hanyar da muka saba bi. Mun saba idan aka ji labarin gasa a waje, sai a tashi a gurguje a nemi mutum ɗaya a Yamai, a ɗinka masa riga mai launin tuta, a haɗa shi da ’yan rakiya da suka fi ’yan wasa yawa, a dawo a manta. Nijar ta fara zuwa Paralimfik tun gasar Atina ta 2004, kuma har yanzu tawagarmu ba ta wuce ’yan ƙalilan ba. Maƙwabciyarmu Najeriya kuwa ta zaɓi ɗaga ƙarfe ta zauna a kansa shekara da shekaru, har ta dawo daga Rio da lambar zinariya 8, shida daga ciki a ɗaga ƙarfe. Mu ma mun ga abin da horo mai ɗorewa ya yi a kan Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya ciyo mana azurfa a taekwondo a gasar Olimfik ta wannan shekarar ta 2016. A wasan keken guragu ba a tsallake wannan mataki, domin wanda bai taɓa gangara kwarin siminti ba, idan aka kai shi bakin na gasar duniya, asibiti aka kai shi.

Saboda haka abin farko shi ne fili. Zinder gari ne na rairayi da duwatsu, kuma duk wanda ya taɓa tura keken guragu a lungunan Birni ko Garin Malam ya san cewa ƙaramar tayar gaba nutsewa take yi tun kafin a yi nisa. Garin da ya iya gina dandalin kokowa, ya kuma ga gine-ginen da aka yi lokacin bikin Zinder Sabuwa a 2018, ba zai gaza shafe wani ɗan fili da siminti mai santsi ba, da gangare biyu ko uku marasa tsawo, da rumfa saboda zafin rana. Ba sabon abu ba ne a nahiyarmu: matasan unguwar Kitintale a Kampala sun gina nasu da hannunsu, akwai a Adis Ababa, an kuma buɗe wani a Akra a 2021. Sharaɗi ɗaya ne nake so a rubuta tun a takardar zane, shi ne a yi ƙofa da hanyar hawa da mai keke zai iya bi shi kaɗai, ba sai an ɗauke shi ba.

Sai maganar keke, kuma a nan ne wahalar take. Keken mai taya uku da ake murzawa da hannu, wanda ’yan’uwanmu suka fi amfani da shi a tituna, bai dace da wannan wasa ba ko kaɗan, haka ma na asibiti mai naɗewa da ƙungiyoyin agaji suke rabawa, domin tsalle ɗaya zai karya shi. Na gasar ana ƙera shi ne da ƙarfe dunƙule, da abin shanye girgiza irin na babur a ƙarƙashin mazauni, da ƙananan tayoyi masu ƙarfi a gaba, da ɗamarar da ke riƙe mutum, kuma kuɗinsa ya haura miliyan ɗaya na sefa nesa ba kusa ba. Duk da haka, ba na ganin abin ya fi ƙarfin masu walda na garin nan, waɗanda da yawa daga cikinsu ma nakasassu ne da suka daɗe suna ƙera kekuna a bakin hanya. Idan aka samo keke ɗaya na ainihi aka ajiye a gabansu, aka haɗa su da malaman makarantun koyon sana’a da na Jami’ar André Salifou, za su fitar da wanda zai isa mai koyo, ko da bai kai na zuwa gasa ba.

Na san akwai masu cewa garin da yake fama da ƙarancin ruwan sha ba shi da lokacin alkafura, kuma akwai iyayen da za su ce wanda Allah ya jarrabe shi da ƙafa bai kamata ya je ya karya hannu ba. Maganarsu tana da nauyi, musamman ta biyun. Wasan yana da haɗari, kuma bai halatta a bar yaro ya shiga ba tare da hular kwano mai rufe haɓa, da kariyar gwiwa da ta gwiwar hannu, da safar hannu ba, sannan wanda yake da rauni a laka sai likita ya duba shi tukuna, domin zai iya samun rauni a inda ba ya jin zafi. Sai dai a tuna cewa darasin farko a wannan wasa shi ne ɗaga tayoyin gaba a tsaya a kan na baya, wanda shi ne ainihin abin da mai keke yake bukata domin ya haye bakin kwata ko dakalin makaranta ba tare da ya jira mai taimako ba. Ko da cikin yara ɗari ba a sami mai zuwa gasar duniya ba, duk za su koma gida da wannan.

Ƙarfin kuwa akwai shi. A Kano, wadda ba ta da nisa da mu, waɗanda shan inna ya taɓa suna buga ƙwallo da hannu a kan katako mai taya, da gudu da iya juyi da suke ba mai kallo mamaki, kuma irin waɗannan samari suna nan a tashoshinmu da kasuwar Dole. Ina kira ga hukumar wasannin nakasassu ta ƙasa, da ofishin matasa da wasanni na jiha, da magabatan birni, su zauna da sarkin guragu da shugabannin ƙungiyoyin nakasassu, su ware filin a cikin kasafin shekara mai zuwa, sannan su rubuta wa masu shirya gasar ta duniya su nemi mai horarwa da keken gwaji guda ɗaya.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani malamin motsa jiki,
Zinder, jihar Damagaram.