Likita, hasken lesa zai iya maye gurbin magani da motsa jiki ga 'yata?

Assalamu alaikum Likita, da kai da abokan aikinka na wannan shiri. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Ni uwa ce, malamar firamare, ina zaune a Fadaman Mada cikin garin Bauchi. Ina roƙon a sakaya sunana.

'Yata ta uku shekararta 9. Tun hunturun bara gwiwarta ta hagu ta kumbura, daga baya idon sawun dama ya bi. Ba faɗuwa ta yi ba. Da asuba abin ya fi tsanani: ƙafar a sandare take tashi, ta yi ta ɗingishi har hantsi kafin ta saki. Da la'asar kuwa sai a gan ta tana wasa da ƙawayenta, shi ya sa wasu a gidan suka ce ƙin makaranta ne kawai.

A asibiti an fara da gwajin sikila, jininta ya fito AA. An ɗauki hoton ƙashi, an duba tarin fuka domin shi ma yana kama gaɓa. Daga ƙarshe likitan yara ya ce amosanin gaɓɓai ne irin na ƙuruciya, wanda ke farawa kafin shekara 16, kumburin ya zarce mako 6 ba tare da an gano wani dalili ba. Ya ce garkuwar jikinta ce ke afka wa shimfiɗar cikin gaɓar, ba sanyin ruwa ba ne, ba kuma wani abu ta ci ba. An sa ta a kan ibuprofen, sannan methotrexate, maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, sau ɗaya a mako tare da folic acid, ana kuma ɗibar jininta lokaci-lokaci don a duba hanta. An ce maganin yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin a ga aikinsa, kuma haka ya kasance. Kumburin idon sawun ya sauka. Gwiwar ce ta ƙi miƙewa sosai, cinyar wannan ɓangaren kuma ta rame, ana ganin bambancin da ido.

Saboda haka aka tura mu sashen gashin ƙashi. Abin da suka koya mana ba shi da wuyar ganewa: a ɗumama gwiwar da tawul mai ɗumi, ta kwanta ta ɗaure naman cinya tana danna gwiwa ƙasa, ta ɗaga ƙafa a miƙe, ta kwanta rub da ciki ƙafar na reto daga bakin gado don nauyinta ya miƙar da ita. An ce ta riƙa tuƙa keke, kuma iyo a ruwan ɗumi ya fi komai domin ruwa na ɗauke wa gaɓa nauyi. Na yi dariya a zuciyata. Ruwan ɗumin da na sani a jihar nan shi ne na Wikki a Yankari, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina, amma wa zai kai yarinya can kowane mako? Babban baho muke cika mata.

Wuyar tana wajen yi. Yarinyar kuka take, wani lokaci tun kafin in taɓa ta. Da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ji kukan sai ta leƙo ta ce, "Ke, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ki bar marainiyar Allah ta huta." Ita a ganinta wanzami za a kira ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Wannan kam na tsaya kai da fata, cikin ladabi, domin an gargaɗe mu cewa mai shan methotrexate garkuwarsa na raguwa, tsaga kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Maigida ya goya mini baya a nan.

Inda muka rabu da shi a kan lesa ne. Wani abokinsa ya nuna masa wani asibitin kuɗi da ke da na'urar, muka je muka gwada. Ba irin lesar da ake yanka da ita a tiyata ba ce. Wani ɗan kai ne ake ɗorawa a wurare daban-daban kewayen gwiwa, kowane wuri ɗan lokaci kaɗan, yana fitar da jan haske, wani ma ido ba ya ganinsa. Ba ƙuna, ba allura, sai baƙin tabarau da ake sa mata don kare ido. Suka ce hasken na ratsa fata ya rage kumburi da raɗaɗi, kuma ana so a zo sau 2 ko 3 a mako. Ita dai ta ce ta ji sauƙi a ranar, kuma ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Uba kuwa ka san zuciyarsa. Tun daga nan yake cewa mu ajiye motsa jikin, har ma da methotrexate ɗin tunda yana tayar mata da zuciya washegarin shan sa, mu tattara kuɗin a kan haske.

Ni hankalina bai kwanta ba. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta gaya mini cewa binciken da aka yi a kan yara bai yi yawa ba, kuma inda aka ga amfani, tare da motsa jiki aka haɗa shi. A nawa tunanin, haske ko ya rage ciwo ba zai gina naman cinyar da ya zube ba, ba kuma zai hana garkuwar jiki ci gaba da cin gaɓar ba. Ga shi kuɗin zama ɗaya ya kusa abin da muke kashewa a kan maganinta na wata, ban da kuɗin Keke Napep. Amma ni malamar aji ce, ba likita ba, kuma ba na son gardama da maigida ta zama ta son kai.

Don haka ina tambaya: shin lesar nan tana da gurbi a maganin yaro mai wannan ciwo, ko ƙari ce ga mai hali? Idan za a yi, akwai hatsari ga wurin da ƙashi ke tsiro a gefen gwiwa? Na ji wasu masu gashi na kauce masa a jikin yara, kuma an riga an faɗa mana cewa kumburin da ya daɗe na iya sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta kukan nan. Yaya uwa za ta bambance zafin miƙewa da ya kamata a daure, da zafin da ke cewa a dakata? Ranar da gwiwar ta tashi da ɗumi da kumburi, a bari gaba ɗaya ne ko a rage? Sannan akwai abubuwan da takardar asibiti ba ta ambata ba: tsuguno a bayan gida, zaman tabarma na awanni a Islamiyya, da zaman tahiya, ga ta kuma tana dab da shekara 10, tana son yin salla kamar yayyenta. Malaminsu ya yarje mata zama a kujera, ita ce ke jin kunya. Lanƙwasa gwiwar haka yana cutarwa ne, ko shi ma motsa jiki ne?

Na ƙarshe, an ce mu riƙa kai ta likitan ido duk bayan 'yan watanni, domin ciwon na iya kumbura cikin ido ba tare da ja ko zafi ba har gani ya taɓu. Maigida na ganin ɓata kuɗi ne tunda tana karatunta lafiya lau. Don Allah ka taɓo wannan ma.

Idan da hali, a amsa a cikin shirin maimakon a rubuce. Maigida ba ya wuce shi, Hajiya ma rediyonta na kunne a lokacin.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Bauchi.